Tarihin Tsarin Maki na Shiga Kanada: Daga Harajin Kai Zuwa Express Entry

'Yan uwa, a 'yan shekarun nan duk inda matasa suka taru, a Legas ne ko Ibadan ko Fatakwal, da wuya a tashi hira ba a ambaci Kanada ba. Wannan ya ce makinsa bai kai ba, wancan ya ce yana jiran sakamakon jarrabawar Turanci, wani kuma an ce masa in ya kawo miliyan kaza akwai ejan da zai fitar masa da takarda cikin wata uku. Abokan zamanmu Yarbawa har sun raɗa wa abin suna, suna ce masa "japa". To amma da yawanmu ba mu san daga ina wannan lissafin maki ya taso ba, da dalilin da ya sa aka ƙirƙiro shi, da kuma sau nawa aka canza shi a kan mutane suna tsakiyar jira. Wanda ya san wannan tarihi zai fi gane abin da ake nema a wurinsa, kuma ba za a yi saurin yaudararsa ba.

Lokacin da ake tambayar asali

Tun kafuwar Kanada a 1867 take neman mutane, domin ƙasa ce mai faɗin gaske, jama'arta kuma kaɗan. Sai dai a wancan zamani ba kowa take so ba. Na gaba-gaba su ne mutanen Birtaniya da fararen fatar Amurka, sai na arewacin Turai, sai na gabashinta. Clifford Sifton, wanda ya riƙe ma'aikatar cikin gida daga 1896 zuwa 1905, shi ya buɗe ƙofa ga manoman gabashin Turai, irin su mutanen Yukiren, don su cike filayen noma na yammacin ƙasar. A 1913 kaɗai baƙi sama da 400,000 suka shiga, adadin da ba a sake kaiwa ba sai a 2021.

Waɗanda ba Turawa ba kuwa labarinsu daban ne. Sinawa kimanin 15,000 aka kawo suka yi aikin shimfiɗa layin dogo ta cikin duwatsun yammacin ƙasar, kuma su ake ba wa wuraren da suka fi haɗari. Aka gama aikin a 1885. A cikin wannan shekarar gwamnati ta ɗora wa duk Basinen da zai shigo harajin kai na dala 50. Daga baya aka mai da shi dala 100, a 1903 aka kai shi dala 500, kuɗin da lebura zai yi kusan shekara biyu yana nema. Da aka ga harajin bai hana su zuwa ba, sai aka yi doka a 1923 da ta rufe musu ƙofa kusan gaba ɗaya, kuma ba a soke ta ba sai 1947. Magidanta da yawa sun tsufa a Kanada matansu da 'ya'yansu na ƙasar Sin.

Mutanen Indiya kuwa talakawan Sarkin Ingila ne kamar 'yan Kanada, don haka hana su shiga ƙiri-ƙiri zai jawo surutu. Sai aka ɓullo da dabara a 1908: duk mai shigowa dole ya taso kai tsaye daga ƙasarsa ba tare da ya sauya jirgi a hanya ba. An san sarai babu jirgin ruwan da ke yin wannan tafiya daga Indiya. A 1914 wani ɗan kasuwa mai suna Gurdit Singh ya ɗauki hayar jirgin Komagata Maru, ya ɗebo mutum 376, yawancinsu mabiya addinin Sikh tare da wasu Musulmi da 'yan Hindu, suka isa tashar Vancouver ranar 23 ga Mayu. Wata biyu cur suna kan ruwa, abinci da ruwan sha suna yanke musu, sannan jirgin yaƙi ya raka su waje. Waɗanda aka bari suka sauka ba su kai talatin ba. Da sauran suka isa kusa da Kalkata, rikici ya tashi da 'yan sandan mulkin mallaka, aka kashe kimanin ashirin.

Baƙar fata ma ba su tsira ba. Dokar shige da fice ta 1910 ta ba gwamnati ikon hana duk wata ƙabila da ta ga ba ta dace da yanayin ƙasar ko bukatunta ba. A lokacin wasu baƙaƙen manoma daga Oklahoma ta Amurka sun fara ƙaura zuwa Alberta da Saskatchewan. A watan Agusta na 1911 majalisar ministoci ta amince da umarnin hana baƙar fata shiga na tsawon shekara guda, wai sanyi ba zai karɓe su ba. Ba a kai ga aiki da umarnin ba, aka janye shi bayan wata biyu, amma an bi ta wasu hanyoyin: tsananta gwajin likita a kan iyaka, da tura wakilai Oklahoma su riƙa tsoratar da masu niyyar tahowa. A 1939 kuma aka ƙi karɓar jirgin St. Louis mai ɗauke da Yahudawa sama da 900 da suka gudo daga Jamus. Jirgin ya koma Turai, kuma fiye da 250 daga cikinsu sun mutu a hannun 'yan Nazi.

Ko bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Firaminista Mackenzie King ya shaida wa majalisa a 1947 cewa shiga Kanada alfarma ce da ƙasar ke yi wa wanda ta ga dama, kuma 'yan ƙasar ba sa son baƙi su sauya kamannin al'ummarsu. A 1951 aka ware wa Indiya gurbin mutum 150 a shekara, Fakistan 100, Silon 50. A 1955 aka fara kawo mata daga Jamaika da Barbados, daga baya da sauran tsibiran yankin, bisa sharaɗin su yi aikatau na shekara guda a gidajen mutane kafin su nemi wani aiki. Da yawansu malaman makaranta ne da ma'aikatan ofis a ƙasashensu. Ɗaya daga cikinsu, Jean Augustine, wadda ta zo daga Grenada a 1960, ita ce ta zama baƙar mace ta farko da aka zaɓa majalisar tarayya a 1993.

Abin da ya kawo sauyi

Ruwa ba ya tsami banza. Abubuwa uku suka haɗu a farkon shekarun 1960. Na farko, Turai ta farfaɗo daga yaƙi, masana'antun Jamus da Faransa suna neman ma'aikata, don haka ƙwararrun Turawa suka rage sha'awar ƙetare teku. Na biyu, tattalin arzikin Kanada ya tashi daga noma ya koma masana'antu da ofisoshi, yana bukatar injiniyoyi da likitoci da malamai, alhali yawancin masu shigowa dangi ne da wani ya ɗauki nauyinsu, da yawa ba su yi karatu mai zurfi ba. Na uku, duniya ta canza. Indiya, Ghana, Nijeriya da sauran ƙasashe sun samu 'yanci sun zauna a teburi ɗaya da Kanada a ƙungiyar Kwamanwels. Firaminista John Diefenbaker, wanda ya kawo dokar kare haƙƙin ɗan ƙasa a 1960, yana cikin waɗanda suka matsa wa Afirka ta Kudu lamba kan wariyar launin fata har ta fice daga ƙungiyar a 1961. Da wane baki zai soki wasu alhali ƙofar gidansa ma ana tambayar launi?

A watan Janairu na 1962, ministar shige da fice Ellen Fairclough, mace ta farko da ta zama minista a gwamnatin tarayyar Kanada, ta gabatar da sababbin ƙa'idoji da suka cire launi da asali daga sharuɗɗan mai shigowa da ƙafarsa. Ilimi da sana'a aka ce za a duba. Amma an bar ɓaraka biyu. Turawa sun fi sauran damar ɗauko dangi na nesa, sannan ba a fayyace yadda za a auna ilimin da sana'ar ba. Komai yana hannun jami'in da ya yi hira da kai. In ya ga dama ya ce ka dace, in ya ga dama ya ce ba ka dace ba.

Wannan ɓaraka ce gwamnatin Lester Pearson ta zo toshewa. A 1966 aka haɗa harkar shige da fice da ta ƙwadago a ma'aikata ɗaya, Jean Marchand ne minista, Tom Kent kuma babban sakatare. Haɗin kansa ya nuna inda aka dosa: baƙo ma'aikaci ne da kasuwar aiki ke nema. Ranar 1 ga Oktoba 1967, ranar da Nijeriya ke cika shekara bakwai da samun 'yanci, tsarin maki ya fara aiki, kuma Kanada ce ƙasa ta farko a duniya da ta yi haka.

Yadda aka raba makin farko

Maki 100 ne, aka kasa su gida tara. Ilimi da horo suna da 20, kusan maki ɗaya ga kowace shekarar karatu. Yadda ake bukatar sana'arka a Kanada 15. Ƙimar da jami'i ya yi wa halinka da himmarka 15. Zurfin ƙwarewa a sana'a 10. Shekaru 10, inda mai 18 zuwa 35 ke samun duka, daga nan a riƙa cire ɗaya duk shekara. Samun aiki tun kafin tahowa 10. Jin Turanci da Faransanci 10. Samun ɗan uwa a ƙasar 5. Yalwar aiki a garin da za ka sauka 5. Wanda ya samu 50 ya haye, kuma abin da ake ba shi izinin zama ne na dindindin tun ranar da ya sauka, shi da matarsa da ƙananan 'ya'yansa.

Ba a ce son kai ya ƙare ranar nan ba. Maki 15 na jami'i suna nan, kuma ofisoshin karɓar takardu sun fi yawa a Turai, Afirka da Asiya kuwa jefi-jefi. Duk da haka sakamakon ya fito fili. Ƙidayar 1971 ta nuna kusan kashi 62 cikin ɗari na sababbin baƙi haifaffun Turai ne. A ƙidayar 2021 Turawa sun koma kashi 10, mutanen Asiya kashi 62, na Afirka kusan kashi 16. A wannan ƙidaya mutum miliyan 8.3, wato kashi 23 na jama'ar ƙasar, baƙi ne da aka haifa a waje. Nijeriya ce ta biyar a jerin ƙasashen da sababbin baƙi suka fito tsakanin 2016 da 2021, bayan Indiya, Filifin, Sin da Siriya.

Wasu ƙasashe sun kwaikwaya. Ostireliya, wadda ta binne manufarta ta "farar fata zalla" a 1973, ta fara nata lissafin a 1979. New Zealand ta bi a 1991, Birtaniya a 2008, ta kuma sake fasalinsa a 2021 bayan ficewarta daga Tarayyar Turai. Jamus ma ta fito da katin neman aiki mai maki a 2024. Amurka ce ta ɗauki wata hanya, dokarta ta 1965 ta fi ba dangantaka muhimmanci.

Famfo ne, ana buɗewa ana rufewa

Abin da tarihi ya fi nunawa shi ne, makin yana bin bukatar Kanada ne a kowane lokaci. Dokar 1976, wadda ta fara aiki a 1978, ta kasa baƙi gida uku: dangi, 'yan gudun hijira, da masu zuwa don aiki, ta kuma wajabta wa gwamnati ta riƙa bayyana adadin da za ta ɗauka. Da tattalin arziki ya karye a 1982, sai aka ce ba mai shigowa da ƙafarsa sai wanda ya riga ya samu aiki. Kafin 1985 adadin masu shigowa ya faɗi zuwa kimanin 84,000. Da abubuwa suka daidaita aka sake buɗewa. Lardin Kebek mai magana da Faransanci ya samu ikon zaɓen nasa ma'aikatan ta yarjejeniyoyin 1978 da 1991, sauran larduna kuma suka fara zaɓen nasu daga ƙarshen shekarun 1990, Manitoba na kan gaba.

A 2002 aka yi sabuwar doka. Aka daina dogaro da jerin sana'o'in da ake bukata, domin kafin takardar mutum ta fito kasuwa ta riga ta canza. Aka koma fifita ilimi da harshe da gogewa, bisa tunanin cewa mai ilimi zai iya juyawa duk inda aiki ya juya. Aka sa makin tsallakewa 75, da aka ga ya yi tsauri aka rage shi zuwa 67 a 2003.

Nan wata matsalar ta kunno kai. Doka ta ce duk wanda ya kai makin dole a duba takardarsa bi da bi, masu kaiwa kuma sun ninka guraben da ake da su. Kafin 2008 mutanen da ke layi sun haura 600,000, wasu suna jiran shekara bakwai zuwa takwas. A 2012, lokacin da Jason Kenney ke minista, gwamnati ta yi doka ta soke takardun mutum kusan 280,000 da suka nema kafin ƙarshen Fabrairun 2008, ta mayar musu da kuɗin rajista. Akwai waɗanda suka ƙi karɓar ƙarin girma a wurin aiki, akwai waɗanda suka ɗage aure ko sayen gida, duk don jiran wannan takarda. Sun kai ƙara kotu, ba su yi nasara ba. Shekarun da suka ɓata kuwa babu mai biyansu.

Zuwan Express Entry

Ranar 1 ga Janairu 2015 aka ƙaddamar da Express Entry, wanda aka aro fasalinsa daga New Zealand da Ostireliya. Layi ya koma gasa. Mai nema daga waje har yanzu sai ya samu 67 cikin 100, da shekara guda aƙalla ta aikin ƙwarewa, da sakamakon jarrabawar harshe irin IELTS ko TEF wanda bai wuce shekara biyu ba, da tantance takardun karatunsa a wata hukuma da aka amince da ita irin WES. Amma wannan shiga fili ne kawai. A ciki ana sake auna kowa a ma'auni mai maki 1,200, sannan lokaci-lokaci gwamnati ta gayyaci waɗanda ke sama. Wanda aka gayyata ne kaɗai zai miƙa cikakkiyar takarda, kuma burin hukuma shi ne ta gama cikin wata shida.

A wannan ma'auni shekaru suna da nauyi ƙwarai. Marar aure mai shekara 20 zuwa 29 yana samun 110, daga 30 abin ya fara zaizayewa, a 45 ya koma sifiri. Wanda wani lardi ya zaɓa yana samun 600 lokaci guda. Babu tsayayyen makin tsallakewa. Ranar 13 ga Fabrairu 2021, lokacin da annobar korona ta rufe iyakoki, an gayyaci mutum 27,332 masu gogewar aiki a cikin Kanada da maki 75 kacal, alhali a wasu lokutan mai 500 ma yana zaune yana jira.

Sauye-sauyen ba su tsaya ba. A 2023 aka fara gayyata ta rukuni-rukuni: ma'aikatan lafiya, masu sana'ar hannu irin kafinta da walda da aikin famfo, da masu jin Faransanci. Wannan na ƙarshe ya ba 'yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi boko wata dama da masu Turanci kaɗai ba su da ita. A watan Oktoban 2024, bayan koke-koke kan tsadar gidaje, gwamnati ta rage adadin da za ta ɗauka a 2025 daga 500,000 zuwa 395,000. A watan Maris na 2025 kuma aka cire ƙarin makin da ake ba mai takardar ɗaukar aiki, domin an gano ana sayar da irin waɗannan takardu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma toshe tsagar ta shafi har waɗanda suka samu aikinsu ta hanyar gaskiya.

Abin da maki ba ya aunawa

Gwamnatin tarayya ce ke ba da maki, amma lasisin aikin likita, injiniya, lauya ko malamin jinya yana hannun hukumomin larduna. Shi ya sa mutum zai shiga saboda digirinsa, ya tarar digirin bai isa ya ba shi aiki ba sai ya sake jarrabawa da horo na shekaru. Labarin likita mai tuƙa tasi ya daɗe yana yawo a biranen Kanada. Masu ɗaukar aiki kuma suna tambayar gogewar aiki a cikin Kanada ga wanda bai daɗe da sauka ba, har hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta lardin Ontario ta bayyana a 2013 cewa dagewa kan wannan sharaɗi nau'in wariya ne.

Akwai kuma asarar ƙasar da aka baro. Likitan da aka horar da dukiyar talakawan Nijeriya, Kanada ta same shi a dafe. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Nijeriya da Nijar da Ghana cikin ƙasashe 55 da ke fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, ta nemi ƙasashe masu arziki su daina farautar ma'aikatansu. Wannan bai hana mutum tafiya da ƙafarsa ba, kuma ba mai zargin wanda ya nemi rayuwa mai kyau ga iyalinsa, amma giɓin yana nan a asibitocinmu.

Mu kuma namu ƙalubalen daban ne. Ma'aunin takarda yake gani. Ɗan kasuwar da ya yi shekara ashirin yana juya miliyoyi a Mile 12 ko Sabo, ko makanikin da babu injin da ke gagararsa, in babu shaidar karatu da wasiƙar wurin aiki da sakamakon jarrabawar harshe, a wannan lissafi kusan ba shi da komai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke son ɗansa ya samu irin wannan zaɓi gobe, ko zai tafi ko zai zauna, to ya tsaya masa ya gama karatu, in sana'ar hannu ce a nema masa shaidarta, ya kuma gyara Turancinsa ko Faransancinsa tun yana da ƙuruciya.

Mai niyyar nema yanzu kuma ya sani cewa babu ejan da ke iya ƙara masa maki ko ɗaya, ƙa'idojin suna shafin gwamnatin Kanada kyauta, kuma wanda aka kama da takardar bogi ana haramta masa shiga na shekara biyar ko da wani ne ya cike masa. Izinin zama na dindindin shi ma yana da sharaɗi: sai an zauna a ƙasar kwana 730 cikin kowace shekara biyar, ba ya ba da damar jefa ƙuri'a, kuma neman zama ɗan ƙasa sai bayan kwana 1,095. Kada kowa ya sayar da gida ko ya ajiye aiki saboda yana cikin gasa, domin mutanen 2012 ma sun cika duk sharuɗɗan zamaninsu.

Allah ya yi mana zaɓi mafi alheri, ya kuma ba masu nema sa'a.